Kek ɗin Bajamushiya

Shekarun baya, lokacin da maigidana ke aiki a ofishin jakadanci a Riyad, mun zauna a wani bene a Al-Badi'a. Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwar Bajamushiya, mijinta injiniya ne a Birnin Masana'antu na Biyu. Ni kuwa tarbiyyar mahaifiyata ce, ba a yin girki maƙwabci na jin ƙamshi a hana shi. Muna tarewa na kai mata masa da miyar taushe. Ta daɗe tana kallona kafin ta karɓa. Washegari ta dawo da kwanon da kek a ciki, muka saba, muna ɗan hira da Turanci.

Tambayoyinta ne suka fara damuna. Wai a ƙasarmu wane tsiro ake sawa a abinci mutum ya zauce? Ni da bakina ba ya shiru na ce zaƙami, har da bayanin 'ya'yansa. Wata rana kuma ta ce ko tankin ruwan saman benenmu zai ɗauki babban mutum. Sannan na lura an kwana biyu ban ga mijinta ba. Sai na fara zarginta.

Da na gaya wa maigida, ya ce, "Hajiya, in wani abu ya sami bawan Allahn nan, ke za a ce kin ba ta laƙanin. Ba iƙama, takardar izinin zamanmu, kaɗai ba, aikina ma tafiya zai yi. Khalas, magana ta ƙare, ki ja jikinki."

To, daina kai abinci abin kunya ne a wurina, sai na ci gaba. Kek ɗinta dai na daina ci. A ɓoye nake kai wa wata mage a bakin bola, in tsaya in ga ko za ta faɗi. Magen nan sai ƙiba take yi.

Wata la'asar ta zo da kanta, ta yanka kek ɗin a gabana ta fara ci.

"Maƙwabciya," ta ce, "tun bayan zancen zaƙami magenku ke cin gumina. Ta taga nake ganinki."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce littattafan labarin kisan kai take rubutawa. A kantin magani ta yi ƙuruciyarta, sai da 'ya'yanta suka girma ta fara rubutu, littafinta na farko kuma an sha ƙin bugawa. Mijin kuwa yana Jamus, ana yi masa aikin gwiwa.

"Ni ma na zarge ki," ta ce. "A wurinmu baƙo ba ya kawo maka abinci haka kawai. Masarki ta farko sai da mijina ya ci ya kwana lafiya sannan na taɓa."

Bayan sun koma gida ta aiko min da sabon littafin. Ba na jin Jamusanci, sai na kira ta na ce wa ya yi kisan.

"Wata maƙwabciya ce mai fara'a, kullum tana kawo abinci."

Har yau ina kai wa sabbin maƙwabta abinci, don hakan na taso. Amma yanzu in na ga an tsaya ana kallona a bakin ƙofa, ba na jin haushi. Buɗe kwanon nake yi in fara kai loma.