Anti Ɗigo da Hoton Idon 'Yata da Aka Ce Ta Goge

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin nan, kullum, yau shekara ashirin da shida. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan asibiti, ba taga, bangon baƙi ƙirin. Za ta share wurin ɗora haɓa, ta goge gilashin kyamara, ta kunna kwamfuta, ta zauna jiran yara. Jan ɗigo ne ke tsalle a allon, kyamara tana ɗaukar yadda ƙwayar idon yaro ke binsa. Wai masu bincike ne ke son sanin yadda ido ke zabura daga nan zuwa can, da yadda hankali ke biye da shi. "Kalli ɗigo, ɗan albarka," ita ce maganarta har a tashi, shi ya sa yara suka sa mata Anti Ɗigo.

Ni karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Labari ne ya cika mini ciki, in ban faɗa ba fashewa zan yi.

'Yata shekararta takwas, sau biyu tana maimaita aji. In ta ɗauki littafi, kalma biyu sai ta faɗa layin ƙasa, ta dawo, ta rikice, sai kuka. An auna idonta aka ce ras yake. Malamarta ta ce rashin mai da hankali ne. Ni kaina na sha dukanta da silifas, Allah Ya yafe mini. Babanta ya ce zangon nan ne na ƙarshe. "In ba ta karanta ba ta zauna ta taya ki wanke-wanke. Na gaji da jin ana ce wa 'yata daƙiƙiya."

Da masu binciken suka zo makaranta neman yara, na kai ta. Sau uku ana gwadawa idonta bai sauka kan ɗigon ba. Su kuma dokarsu, hoton da ido bai sauka ba ya lalace ke nan. Farfesa, shugaban masu binciken, ya leƙo ya ce, "Yarinyar wasa take, Anti. Goge shi, kira na gaba."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ba ta goge ba. Ashe ba ta taɓa goge ko ɗaya ba, bugawa take a takarda ta adana a kwali.

Ta ja ni waje. "Maman yarinya, wa ya ce 'yar nan wasa take? Ni ba allo nake kallo ba, fuskarta nake kallo. Ta riƙe kujera tana gumi. Idonta wuce ɗigon yake kaɗan ya dawo, sau arba'in, duk iri ɗaya. Kin taɓa ganin wasan da ya zo daidai sau arba'in?"

Sati uku tana bin Farfesa da takardar. Wata mai shara a asibitin ta ce mini a ƙofarsa Anti take tsayawa, har ya ce, "Anti, kin fi sauro naci!" Da ya duba sai ya tura mu wurin wani likita. Ita kuma ta yanka kwali ta yi masa 'yar taga mai nuna layi ɗaya, duk Talata tana zama da 'yata a lokacin cin abincinta.

To jiya, jama'a, jiya! 'Yata ta karanta wa babanta shafi guda cur! Ya fita tsakar gida, ya dawo ido jawur, wai hayaƙi ne. Da kansa ya ɗinke hannun jakar makarantarta.

Yau da safe muka ruga mu yi mata albishir, muka tarar tana ɗaure kaya. Ranar Juma'a take ritaya, ɗakin kuma za a mai da shi sito. Farfesa ya wallafa bincike a kan hotunan da ta adana, sunanta ba ya ciki. Ta rungume 'yata, sannan ta nuna mini kwalin hotunan, cike taf.

"Taki ta taki sa'a. Waɗannan fa? Wasu sun yi aure, har yau suna ɗauka su daƙiƙai ne."

Murnata ta koma ciki.

Takardar sallamarta tana hannunta, tana kai ta nesa tana matso da ita. Idonta ya dushe, ba ta ganin ƙananan rubutu. 'Yata ta ce, "Anti, kawo." Ta ciro ɗan kwalinta mai taga ta ɗora, ta karanta mata layi bayan layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Layi huɗu ne kacal, ko "mun gode" babu.

To ni na gode, Anti. Ke ce kika kalli 'yata lokacin da ni uwarta nake kallon silifas. Ke ce kika ji an ce goge kika ƙi. Allah Ya haskaka idonki. Malamai, iyaye, masu zama gaban kwamfuta, kafin ku ce yaro wasa yake, ku ɗago ku kalli fuskarsa, don daga Juma'a babu mai yi a ɗakin nan.