Mangwaron da ba na iya kiran sunansa

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran ɗana na fari. Masu karatu su yi haƙuri, ba za su ga sunansa a nan ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, a gaban mutane ma sai ta yi kamar ba ta san da shi ba. "Mutumin Argungu" nake ce masa tun yana raye. Rubutun nan kuwa da furfura na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ga kuskure ya yafe.

Ranar da aka yaye shi, yayar mahaifinsa, Yaya Kulu, ta zo gidanmu a unguwar Nassarawa da ke Birnin Kebbi ta goya shi ta tafi da shi Argungu. Haka ake yi, na ɗauki tsintsiya na hau sharar inda na riga na share. Ya tashi yana ce mata Inna. Ni kuwa in ya zo Birnin Kebbi, tun daga bakin ƙofa zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "An wuni lafiya?" in amsa ina kallon murhu. Iyakar hirarmu ke nan.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja. Duk labarin da ya zo daga can, Argungu yake sauka, sai an gama juya shi ragowar ta iso mini. A bakin wata mai sayar da albasa na ji cewa yana da rai. A soja aka gane Allah ya ba shi ƙafa, ya riƙa yi wa rundunarsu tsere yana ciwo musu kofi, bayan ya ajiye kaki kuma har Sakkwato ake kai shi gudu.

Sau ɗaya aka yi tseren a garinmu, hanyar kuma ta bi ta bayan unguwa. Na ɗauki tulu na ce zan je rijiya, alhali randunana cike suke. Gari duk ya fito, kowa na kiran sunansa, har waɗanda ba su san lokacin da ya yi haƙori ba. Yaya Kulu ta ɗaure gyale a ƙugu tana rangaɗa guɗa tana cewa, "Ɗiyana ne! Ku duba ɗiyana!" Da ya zo daidai inda nake na juya baya, don akwai idon dangin miji. Ƙarar ƙafarsa kawai na ji. Wallahi ranar, da ana musayar maƙogwaro, da na roƙi Yaya Kulu aron nata.

Daga baya ya sami fili a bakin gulbi a Argungu ya kafa garka. Da jigo yake ban ruwa, guga bayan guga, mutane na cewa soja ya rasa aikin yi. Wani reshen mangwaro da ya taho da shi daga kudu shi ya ɗaura wa irin namu na gida, ya fitar da 'ya'ya manya, ba zare, ƙwallon kuma siriri. Ba wanda ya san sunan irin, sai aka laƙaba masa sunan mai garkar. Yana aiko mini da kwando duk shekara, amma na farkon nuna a hannun Yaya Kulu yake sauka.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. A wurin zaman makoki tsofaffin sojoji suka shigo suka ce, "Ina mahaifiyar?" aka nuna musu Yaya Kulu. Ita suka yi wa gaisuwa, ita suka miƙa wa hularsa. Ina gefe ina tsince shinkafar baƙi. Ta yi kuka har aka riƙe ta, ni ko kukan ma ba a ba ni ba.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai gani? Jigo ya kusa ɓacewa, daga Zauro har Ambursa ƙarar injin ban ruwa kake ji. 'Ya'yansa ma sun sayi nasu. Ina jin zai yi tsaki ya ce ruwan da bai bi ta kafaɗar mutum ba itace ba ya gode masa. Samari kuwa ko masallaci sai da babur. Ana ta maganar a raba mu da Sakkwato a ba mu jiharmu, ban san me zai ce ba, don ban taɓa zama da shi na ji irin tunaninsa ba. Wadda za ta sani, Yaya Kulu ce.

Bana ta aiko a kai ni Argungu, ta tsufa, ido ya tafi. Ban taɓa taka garkar ba sai ranar. Na same ta a inuwar itacen farko, ta lalubo hannuna ta ce, "Amarya, kin iso?" Har yau haka take ce mini.

Na ce, "Yaya, kin dai more."

Ta ce, "Mi na more? Wanga yaro da takalminai shika shigo min ɗaki, shi buɗe tukunya, shi ce miyata ba gishiri. Ko sau guda bai durƙusa min yadda shika yi miki ba. In za shi Birnin Kebbi sai ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa Idi. Ni na yi wahala, ke ad da shi."

Na ce, "To mu musanya mana."

Ta yi dariya har da tari ta ce, "Aradu ban bayarwa."

Na san ba za ta bayar ba. Na dawo gida da kishina yadda na je da shi, sai dai na gane ita ma tana da nata. Durƙuso abu ne mai kyau, amma ba a tuna shi a yi dariya.

Kofunan sun yi tsatsa, masu guɗa sun watse, abokan yaƙinsa saura kaɗan. Itatuwan ne suka tsaya, da sunan da ke kansu. Da na zauna rubutun nan na ce tunda baki aka hana, bari hannu ya gwada. Na yi harafin farko, alƙalami ya tsaya, na goge.

In bazara ta yi, masu baro suna bin layinmu suna kiran mangwaron da sunansa. Akwai wani dattijo mai murya, shi nake tarewa a zaure. Sai in nuna da yatsa in ce, "Malam, wane iri ne wannan?" ya faɗa. In ce, "Kunnena ya yi nauyi, ɗaga murya." Ya sake faɗa. Kunnena lafiya lau yake. Allah ya jiƙan Mutumin Argungu, ya kai mu bazara.