Baba Sola da Agogon da Bai Taɓa Shan Wuta Ba

Anti Chundung ta ce kowane jika ya rubuta ɗan abu a kan kakanmu Baba Chollom don taron cikarsa shekara da rasuwa, ta kuma ce a rubuta abin kirki. To Anti, sai haƙuri, ni Davou kika sa aiki. Bari ma in fara da wautata, tunda babu wanda bai ji labarinta ba a unguwarmu ta Daɗin Kowa a Jos.

Wata Asabar Baba ya kwance agogonsa ya miƙo mini, ya ce, "Injiniya, kai shi kan dutsen bayan gida ya sha rana. Ka tsare shi, kar hankaka ya ɗauka." Injiniya yake kirana tun ranar da na kwance rediyonsa na kasa mayarwa. Na kai agogo, na zauna, sai ga yara sun fito da ƙwallo. Na ce a raina, ai ranar da ke kan dutse ita ce a filin ƙwallo, sai na ɗaura shi a hannuna na shiga. Na manta ɗungurungum cewa agogon nan ɗan rahoto ne. Duk bugun zuciyar wanda ya ɗaura shi, da duk inda ya taka, yana kai wa wayar Anti a Abuja. Ko hutun rabin lokaci ba a je ba sai ga kakarmu Ngo ta fito tana riƙe zani, waya a kunne, muryar Anti na tashi a ciki: "Ngo, wa ke bin Baba? Gudu yake yi yana kewaya wuri ɗaya! Zuciyarsa za ta fashe!" Shi kuwa mai zuciyar yana kan kujera yana minshari. Aka tashe shi, ya karɓi wayar, ya ce, "Chundung, motsa jiki nake yi. Ba ke kika ce in riƙa yi ba?" Ya kashe, sannan ya murɗe mini kunne har sai da na ji ƙararrawar coci ranar Asabar.

Ga waɗanda ba su san yadda agogon ya shigo gidanmu ba, ga yadda aka yi. Baba tsohon ma'aikacin haƙar kuza ne, da ya ajiye aiki ya koma noman dankalin Turawa a bakin wani tsohon kududdufin kuza. Wata rana jiri ya kwashe shi a gonar, ya daɗe kwance kafin wani mai kiwo ya tsince shi. Anti, wadda aikin jinya take yi, ta zo ta ce ita ta gama magana, Baba da Ngo za su koma wurinta Abuja. Baba ya ce sai dai a ɗauki gidan da gonar da dutsen a tafi da su tare. Aka yi ta ja, ƙarshe aka sasanta a kan agogo. Wani baƙi ne mai kauri kamar murfin tukunya, irin na masu hawan dutse. Ruwa ba ya shigarsa, in ya faɗi ba ya fashewa, in mai shi ne ya faɗi yana sanar da ita da kansa, kuma fuskarsa tana shan hasken rana ta ƙara wa batir ƙarfi.

Anti ta kafa sharaɗi a gabanmu duka: "Baba, ranar da na duba wayata na ga agogon nan ya mutu, washegari zan zo da mota. Kai da Ngo da kayanku." Ta miƙa masa wayar caji ta ce, "Rana taimakawa kawai take yi, dole a riƙa haɗa shi da wuta."

A duk bayanin nan kalma ɗaya Baba ya ji: rana. Mutumin da yake bin bayanmu yana kashe ƙwan lantarki muna cikin ɗaki! Anti na fita ya jefa wayar cajin bayan kabad ya ce, "Mita cin kuɗi take yi. Rana ba ta kawo bil." Daga ranar wannan magana ta zama gaisuwarsa, 'yan unguwa kuma suka sa masa Baba Sola.

Kun tuna tafiyarsa? Hannun hagu a sama, fuskar agogo tana kallon rana, kamar mai rantsuwa a kotu. In za mu kasuwa, duk mai keken haya da ya hango shi sai ya ci birki.

"Baba, ina za ka?"

"Wa ya kira ka? Caji nake yi!"

Mutane na ɗaga masa hannu daga tsallaken titi suna zaton gaisuwa ce, har aka fara cewa tsufa ya gyara masa hali. Da ya ji haka ya ce ai sai su yi ta yi, shi bai gaishe da kowa ba.

Sai matsalar sanyi. Kowa ya san safiyar Jos, Baba kuwa ba ya fita sai da suwaita, hannun suwaita kuma yana rufe agogo. Ya naɗe, ya zame. Ya sa roba, ta matse shi. Ranar nan Ngo ta dawo daga taron mata ta tarar da shi da almakashi, ya yanke hannun hagu na duk suwaitocinsa daga gwiwa, ya jera guntayen a kan tabarma.

Ngo ta dafe ƙirji. "Chollom! Har da wadda na saƙa maka?"

"Ba a yi asara ba, Ngo. Ga safa nan ta samu, jikoki su raba."

Ni aka ba ja da kore. Kwat ɗinsa ma da ƙyar ta tsira, sai da Ngo ta kai ta ajiya gidan maƙwabta har aka gama bikin yayata Lyop. Ku duba hoton bikin, kowa ya nutsu yana murmushi, Baba ne kaɗai a gefe yana miƙa hannu waje da rumfa.

Babbar ta faru a coci. Baba ya bar bencin dattawa ya koma bakin taga, saboda akwai wani zaren haske da ke shigowa ta nan. Hasken yana matsawa, shi ma yana matsawa, duk wanda ke kan bencin sai ya yi haƙuri. Ana gab da bikin godiyar amfanin gona, Fasto ya tsaya ya ce, "Wa Ubangiji ya taɓa zuciyarsa zai ba da akuya?" Kowa ya sunkuyar da kai yana neman wata aya. A daidai lokacin hasken ya haura sama kaɗan, Baba ya bi shi da hannu.

"Halleluya! Baba Chollom!"

Aka ɓarke da tafi, mata suka yi guɗa, mai ganga ya kama. Wata tsohuwa har da hawaye, ta ce ita ba ta zaci za ta ga wannan rana ba. Na raɗa masa, "Baba, ka faɗa musu caji kake yi." Ya harare ni ya ce, "Rufe mini baki." Girman kai bai bar shi ya janye ba. Ranar da aka zo jan akuyar, yana tsaye yana kallonta kamar ana kai 'yarsa makarantar kwana, Ngo ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, ashe rana tana kawo bil. Yau ma ta kawo mai ƙafa huɗu."

Abokin faɗansa a kan agogon shi ne Oga Chidi mai shagon caja da batura a bakin layinmu. Kullum muka wuce sai ya tsokane shi.

"Baba Sola! Wannan rana naka zai tafi hutu a Agusta fa. Zo ka saya fawa-bank, zan yi maka farashi na ɗan'uwa."

"Chidi, riƙe akwatin wutarka. Agogona bai taɓa shan wuta ba, ba kuma zai sha ba."

"To, zan zo in taya ka ɗaura kaya zuwa Abuja."

Agusta kuwa ta zo da gaske. Hadari ya rufe Jos ruf, ruwa safe da yamma, wanki ya ƙi bushewa, rana ta ɓace kamar an yi mata canjin wurin aiki. Baba ya hau dutse, babu. Ya tsaya tsakar gida da lema a hannun dama, hagu a waje, babu. Har fitilar ƙwai ya kunna ya kara agogon a jiki, sai da maɗaurin ya fara wari. Alamar batir ta koma ja. Anti ta kira ta ce, "Baba, ina gani fa. Na riga na share muku ɗaki." Ranar bai ci gwatensa ba. Na gan shi ya je bakin gona ya tsaya yana kallon dankalinsa.

Washegari wani direba ya ce masa ai rana na can tana gasa mutane a hanyar Bauchi. Baba ya ce, "Injiniya, sa takalmi." Jama'a, mutumin da ke ƙin ɗan abin da mita za ta ci shi ne ya biya mana mota mu biyu muka gangara daga Jos, muka sauka a inda babu gari babu rumfa, ya hau wani dutse ya miƙa hannu. Sai ga kiran Anti a waya.

"Baba! Me kake yi a jihar Bauchi?"

"Caji na zo yi."

"Da mota ka je caji?"

"To rana ta ƙi zuwa, ba sai in zo mata ba?"

Bai rufe baki ba hadarin Jos ya iso, kamar biyo mu ya yi a motar baya. Muka dawo gida sharkaf, agogo yana nan ja, Anti kuma ta ce jibi tana hanya.

Da safe Ngo ta dafa masa ruwan wanka. Baba ba ya shiga wanka da agogon, wai sabulu zai makantar da shi, don haka ya ajiye shi a kan 'yar kujerar falo ya shige. Ya daɗe ƙwarai. Da ya fito ya ɗauka, sai muka ji ihu: "Ku zo ku gani!" Batir ya koma kore. Ya tafi shagon Oga Chidi da tawul a wuya, ya kara masa agogon a hanci.

Oga Chidi ya ce, "Baba, a wuta ka sa shi!"

"Wace wuta? Ranar Bauchi ce. Nauyi gare ta kamar tuwon dawa, sai ta kwana take narkewa."

Ni kuwa na yarda ɗari bisa ɗari. Har malamin kimiyyarmu na yi wa bayani a gaban aji, ya ce in fita in sha iska. Anti ta fasa zuwa, agogo kuma bai sake yin ja ba, a wannan damina da wadda ta biyo ta.

Bayan an binne Baba, ana kwashe kayansa, na janye kabad don in ɗauko wa Anti wayar cajin nan. Babu ita. Ngo ta ce, "Me kake nema?" Na faɗa mata. Ta tashi ta buɗe wata tsohuwar samira da take ajiye daddawa, ta ciro ta, duk ta yi baƙi don amfani.

"Ngo! Ke ce ranar Bauchi?"

"Ni ce. Kana zaton ni ina son Abuja? In je in zauna a bene ina kallon bango, wa zai ba kajina abinci?"

"Shi Baba ya sani?"

Ta yi dariya har ta share ido da bakin zani. Ta ce, "Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗa ba. Amma kai ba ka lura ba? Mutumin da ke wanka kamar ana korarsa, tun daga ranar sai ya shiga ya zauna. Can sai in ji ya ce, 'Ngo, in fito?' In duba agogon in ce, 'Ƙara cuɗa bayanka.' Ya ce, 'To.'"

Ni na sha jin wannan tambaya ta bayan ƙofa. Ina zaton tsufa ne.

Ya Ubangiji, ka ba Baba hutu a wurin da babu hadari babu mita. Ka ajiye shi kusa da taga. Ka riƙe mana Ngo, ka ƙara mata kwana da lafiya. Amin.

Baba bai koma Abuja ba. A tsakar gidansa ya rasu, kan kujerarsa, da hantsi, hannun hagu a kan gwiwa yana shan rana. Agogon ne ya sanar da Anti, batirinsa a cike. Yanzu yana hannun Ngo, kuma a falo take sa shi caji, a gaban kowa.