Ranar da Bindigar Kawu Ige Ta Yi Tofi

Ku da kuka taɓa kai mota garejin Kawu Ige a Tambuwal kun sani, ba ya amsa sallama in bindigar fenti na hannunsa. Sai ya kanga ta a kunne, ya ɗan matsa, fsss, ya lumshe ido. Kusoshi uku gare ta, na iska, na fenti, da na faɗin feshi, shi kuwa kunnuwa yake ce musu. Ya murɗa wannan kunne, ya fesa a jikin tsohon kwanon rufi, ya girgiza kai, ya koma wancan. Kai ko kana tsaye rana na cin ƙeyarka.

Wani direban Sanyinna ya taɓa ƙosawa ya ce, "Haba Baba, fesa kawai, motar itace ce fa!" Kawu ya miƙa masa gwangwanin fenti da tsintsiya. "Ungo. Wagga ba ta son saiti."

Ga shi ba ya zubar da ragowar fenti ko ɗigo. Kujerar matarsa Inna Tumba, akurkin kaji, har murfin randa, kowa da launinsa. Ran nan Inna ta ce, "To Malam, saura ni." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke sai an fara da samfefa."

Amma ni abin da ba zan manta ba, wata Juma'a ce cikin damina. A ranar ne bayan masallaci Kawu zai je nema min auren Hadiza wurin mahaifinta Alhaji Bawa, don shi ne ƙanen babana, shi ne waliyyina. Alhaji kuwa, saboda yarda, ya ara min shuɗiyar motarsa in kai mahaifiyata Kebbe ganin gida, ya ce in dawo da ita kafin sallar Juma'a. Kun san Alhaji da motar nan, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Muna dawowa, wajen Fakku, muka shiga garke, wani bijimi ya ja mata ƙaho tun daga marfin gaba har na baya.

Na iso gareji. "Kawu, ka rufa min asiri!"

Ya goge wurin, ya cike, ya shafa fentin ƙasa mai ruwan toka, ya haɗa shuɗi daidai da na motar. Na fara samun numfashi. Sai ya kanga bindiga a kunne. Fss, tuf, tuf.

"Tana tofi," in ji shi.

"Kawu, ta tofa mana!"

"Ruwa ya shiga iska. Damina ce."

Ya tsiyaye tankin kwamfaresa, injin da ke ba bindigar iska. Ya murɗa kunnen iska. Tuf. Ya kwance bakin bindiga ya wanke da tina, man wanke fenti, ya hura, ya mayar. Ya rage fenti, ya buɗe faɗi. A jikin kwano feshin ya fito da ƙuraje-ƙuraje. Hadari na haɗuwa ta gabas, mutane sun fara wucewa da darduma a kafaɗa.

"Kawu, don girman Allah, Alhaji ba zai lura ba!"

"Ni na lura."

Aka yi kiran sallah na farko. Na durƙusa, ni da gemuna, ina hawaye. Kawu ya rataye bindiga a ƙusa, ya wanke hannu, ya zura babbar riga. "Tashi mu tai. Ba ni fesawa yau."

Haka muka shiga layin Alhaji da mota shuɗiya mai faci ruwan toka kamar jaki mai gyambo. Alhaji na ƙofar gida da carbi. Ya zagaya motar, ya sake zagayawa, bai dube ni ba. Ni kam na riga na yi wa Hadiza bankwana a zuci.

"Ige, mi na a wanga?"

"Sa ya soke ta, Alhaji. Yaron ga ya roƙe ni in rufe kar ka gani, har da kuka. Bindiga ta ƙiya."

Innalillahi! Wai waliyyina ke nan!

Na ji ɗigon ruwan sama na farko a wuyana. Sannan Alhaji ya ce, "To tunda ba ka iya rufe aibi, gaya min na yaron, kafin in ba shi ɗiyata."

Kawu ya gyara tsayuwa, ya shiga lissafi: garaje, barcin safe, tsoro, son tsire. Ina ta taka masa ƙafa, ko a jikinsa. Da ya gama sai ya ce, "Amma ƙarfen na da kyau, Alhaji, babu tsatsa. Saiti kawai shika so."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya har carbinsa ya faɗi. "Na ba shi. Motar kuma ka riƙe sai bindigarka ta huce."

Yau 'ya'yanmu da Hadiza sun tasa, Kawu kuwa ciwon ƙirji ya tafi da shi bara. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu Ige, Ya haskaka kabarinsa. Aibin da ya ƙi rufe min a gaban mutum, Ya Ubangiji, Kai Ka rufe masa nasa a gabanKa. Amin.