Kwamfuta ta ce hannuna yana da ciwon rogo

Yarana, ku ji abin da na gani yau! Wata uku jikata Rifkatu tana koya wa kwamfuta gane ganyen rogo mai ciwo a hoto. Na ɗora hannuna kan farantina, ta ɗauki hotonsa don wasa. Kwamfuta ta ce mai ciwo! Muka sa cokali. Mai ciwo! Na ce, "Injin nan wawa ne." Rifkatu ta fashe da kuka: "Kaka, farantinki ta haddace, ba ganye ba!" Ashe duk ganyaye masu ciwon a kansa muka ɗauke su hoto, don ni na hana ta zube su a ƙasa. Litinin malamanta za su duba aikin, rogonmu kuwa mun tone. Duk mai gonar rogo a Doma ya kira ni yanzu, mu je mu ɗauki sababbin hotuna!