Takalmin da Ya Ƙi Sakin Feda

Jama'a, yau a kwance na gaida surukina, keke a bisa kaina!

Bitrus, abokin koyarwata a nan Dutsin-Ma, ya ara mini keken tserensa in je Kurfi. Ya haɗa mini da takalminsa mai tauri kamar katako, wanda ƙasansa ke maƙalewa a jikin feda. Tun daga ƙofa takalmin ya matse ni. Bitrus ya ce, "Malam, zai saki a hanya." Bai nuna mini yadda ake cire ƙafa ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanya yatsuna suka yi ta zugi, can suka mutu, har na manta ina da ƙafa. Gero na kaɗawa dama da hagu, iska na cika mini riga. Wallahi kamar ina tashi sama cikin mafarki!

Ina shiga Kurfi sai ga Alhaji, baban matata, a gindin darbejiya da abokansa. Kun san dole in sauka tun daga nesa, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Na ja ƙafa. Ta ƙi! Na zagaya bishiyar ina cewa, "Ina wuni, Baba?" Na sake zagayowa. Har sau uku!

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, surukin naka lafiya kuwa?"

Kunya ta sa na damƙe birki. Keke ya tsaya cak, ya karkata a hankali, sai ga ni tim a bakin tabarmarsu.

Alhaji ya leƙo fuskata, ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ladabin ya isa haka. Ku cire masa takalmin nan."