Philemon Andrawus, Mai Hoton Bayan Biki

Haihuwa da Karatu

An haifi Philemon Andrawus a shekarar 1961 a Mugulbu da ke Mubi, ɗa na uku ga Andrawus manomi da matarsa Liyatu. Ya yi firamare a nan gida, amma bayan rasuwar mahaifinsa a 1975 sai karatun ya tsaya, aka kai shi garin Uba wurin Malam Rufa'i mai hoto, inda ya shekara bakwai yana koyon wankin fim.

Sana'a

A 1983 ya buɗe shagonsa a Mubi, kuma ba a daɗe ba aka san shi da wata ɗabi'a. Idan an gama biki, jama'a sun fara watsewa, shi ba ya tafiya. Sai ya raɓe gefe har ango da amarya su manta da shi, sannan ya ɗauke su yadda suke: amarya ta tuɓe takalmi tana matsa ƙafa, ango ya zuba wa ƙasa ido, wani lokaci kuma su biyun suna dariyar da ba wanda ya san dalilinta. Da yawa sun ƙi karɓar irin waɗannan hotuna. Wani ango mai suna Mahmoud ya mayar masa da nasu, ya ce, "Mun ce ka ɗauke mu muna murna, ka ɗauke mu mun gaji." Philemon ya ce, "Ai gajiyar ma taku ce." Ya adana su tare da sauran waɗanda aka ƙi.

Aure da Iyali

Ya auri Victoria, 'yar ƙabilar Gude, a 1988, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Kusan ita kaɗai ta yi renonsu, domin ranakun hutun jama'a su ne ranakun aikinsa.

Gudun Hijira da Komowa

A 2014, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Mubi, ya tsere da iyalinsa zuwa Yola. Da ya komo, ya tarar an ƙone shagon ƙurmus, har da fina-finan shekara talatin. Daga nan mutane suka yi ta zuwa neman hotunan da suka ƙi a da. Mahmoud na cikinsu, domin matarsa Habibat ta rasu a hanyar gudu. Ya ce, "Wanda ta jingina kai a kafaɗata kawai nake so." Philemon ya nuna masa bangon shagon da ya yi baƙi.

Ƙarshen Rayuwa

Ya ci gaba da aiki da kyamarar aro, alhali idonsa ya raunana, wayoyin hannu kuma sun rage masa kasuwa. Tsayuwar biki ta soma gagararsa, har ya ajiye sana'ar a 2020. Ya rasu a watan Agustan 2023 bayan doguwar jinya, aka binne shi a Mugulbu kusa da mahaifinsa. Da aka nemi hotonsa domin jana'iza ba a samu ba, sai wata mata ta kawo na bikinta, inda ya fito a madubin ɗakinta, kyamara ta rufe masa rabin fuska. Da shi aka yi amfani.

Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya riga shi rasuwa; ya bar matarsa Victoria da 'ya'ya uku a raye: Zacharia, Winifred da Anita.